Kai Ɗauki Ko Katsalandan? Tambaya Daga Zuru

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka nakan kasa kunne ga sunan da masu mulki ke raɗa wa aikinsu. Idan su suka tura soja ƙetare, kai ɗauki ne; idan wani ya tura, sai ya zama katsalandan. A Zuru ba ma ɗaukar wannan da wasa, domin da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce gidan tsohon soja ba. Ƙasar nan ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Mai Martaba Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Sa'ad da rundunar ECOMOG ta shiga Laberiya a 1990, ta kuma mai da Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin, da dukiya da jini.

Ban ce kuskure ne ba; gobarar maƙwabci ba a naɗe mata hannu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa ake hanzarin ceto.

Ranar 7 ga Disamba 2025 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Kwatano, kuma a ranar jiragen yaƙinmu suka isa. Makonni uku kafin nan, ranar 17 ga Nuwamba, 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta Maga, cikin masarautar Zuru, suka kashe mataimakin shugabanta, suka kwashe ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris da kansa ya tambayi dalilin janye sojojin da ke gadin wurin gab da harin. Ba mu kuma manta da 'yan sa-kai fiye da 60 da aka hallaka a yankin Sakaba a Maris 2022 ba.

Barazanar da ECOWAS ta yi wa Nijar a 2023 kuwa, ba ta mai da Bazoum kan kujera ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, Lakurawa kuma na ratsa iyakarmu da ita.

Ina kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya: duk lokacin da aka nemi amincewarsu kan tura dakaru waje, su fara neman bayanin sojoji nawa ke tsaron Danko-Wasagu da Sakaba, da kuma inda aka kwana kan sintirin haɗin gwiwa da Yamai.