Mamane na Gondwana da gurbin raha a gidajen radiyon Nijar

Akwai wani ɗan Nijar wanda muryarsa ta zagaya Afirka ta hanyar radiyo, ana saurarensa a Dakar da Abijan da Kinshasa, amma manomin Tasawa da makiyayin Abalak ba su taɓa yin dariya da maganarsa ba. Sunansa Mohamed Mustapha, duniya kuwa ta san shi da Mamane. Tarihin sana'arsa abin alfahari ne ga ƙasa, kuma akwai darasi a cikinsa wanda ya kamata magabata su duba da idon basira.

An haifi Mamane a Agadas cikin 1966. Mahaifinsa ma'aikacin jakadanci ne, saboda haka ya yi ƙuruciya a ƙasashe dabam-dabam, har da Kodibuwa da Kamaru. A farkon shekarun 1990 ya tafi birnin Mompeliye na Faransa domin zurfafa karatun ilimin tsirrai. Can ya ɗanɗana zaman baƙon da ba shi da takardu, can kuma ya juya ga wasan ban dariya. Cikin 2006 ya shiga shirin hira da raha na Laurent Ruquier a radiyon Europe 1. Cikin 2009 ya fara ɗan gajeren shirinsa na kimanin minti 3 a radiyon RFI, wanda ya fito da shi sarari.

A cikin shirin ya ƙago wata ƙasa da babu ita a taswira, ya raɗa mata suna Gondwana, jamhuriya mai dimokuraɗiyya ƙwarai da gaske, ya ba ta shugaba wanda ake kira Shugaba Mai Kafa Ƙasa. Shugaban ba ya son sauka daga kujera, zaɓensa kuwa an san sakamakonsa tun ba a jefa ƙuri'a ba. A nan hikimar take. Da yake ƙasar ƙagagga ce, babu wanda zai ce da shi ake, amma kowane mai sauraro yana gane unguwarsu a ciki. Wannan shi ne habaici, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin amfaninsa.

Daga radiyo sana'ar ta yi rassa. Cikin 2015 ya kafa bikin masu ban dariya na Abijan. Cikin 2016 aka fara nuna Majalisar Dariya a talabijin ta Canal+, inda yake zama shugaban majalisa tare da Michel Gohou da Digbeu Cravate da Charlotte Ntamack. Cikin 2017 fim ɗinsa Bienvenue au Gondwana ya fito. An kuma riƙa ajiye shirinsa na radiyo a intanet, abin da ake kira fodkas, domin wanda lokacin watsawa ya wuce shi ya saurara sa'ad da ya ga dama. Duk wannan ya nuna cewa ban dariya aiki ne. Mai fitar da sabon zance kowace safiya sai ya karanta labaru, ya rubuta, ya goge, ya auna kowace kalma.

Irin wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Nijar. Ga taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa, da Gobirawa da Zabarmawa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ga ƴan kama masu kwaikwayon malamai da zancen tuwo da fura. Ga wasannin kwaikwayon Yazi Dogo da na ƙungiyar gidan radiyon Damagaram, waɗanda suka yi ta gyara halin jama'a da na ma'aikata cikin dariya. Tun 1962 kuma kulob-kulob na radiyo suke ɗaukar muryar mutanen karkara su kai ta ga ƙasa baki ɗaya. Ashe irin na gida ne, gonar ce ta waje.

To, a nan matsalar take. Da Faransanci Mamane ya yi shirinsa, a gidan radiyon wata ƙasa, alhali mafi yawan ƴan Nijar ba su jin Faransanci. A watan Agusta na 2023 aka dakatar da watsa shirye-shiryen RFI a cikin ƙasar. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Waɗannan abubuwa biyu sun ɗora nauyi a kan gidajen radiyon gida. Harshe ba ya zama na ƙasa da sanarwa da jawabin buki kaɗai. Sai ya zama harshen da ake muhawara da shi, ake raha da shi, ake faɗa ma mai iko gaskiya da shi.

Wasu za su ce lokacin da ƙasa take fama da matsalar tsaro ba lokacin dariya ba ne. Amsa ita ce, jama'a ba su daina raha a fada da tashar mota da bakin rijiya ba. Zancen da aka hana ma radiyo yakan koma ga salula, inda babu mai tacewa, ya gauraya da ƙarya da cin mutunci. Wasu kuma za su ce Mamane baƙi ya yi ma aiki. Mai fasaha inda aka buɗe masa ƙofa can yake shiga, kuma kamata ya yi a tambayi dalilin da ya sa ta gida ba ta riga buɗewa ba.

Abin yi bai fi ƙarfin hukuma ba. Muryar Sahel da tashoshinta na jihohi su keɓe ɗan lokaci kowace rana domin shirin raha a kan al'amuran yau, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. A biya masu rubuta shi albashi kamar sauran ma'aikata, kada a sallame su da goro. A ajiye kowane shiri a intanet cikin sigar da ƙaramar salula za ta iya ɗauka, a ba radiyoyin karkara su maimaita. A kuma ceto tsofaffin faya-fayen wasannin kwaikwayo tun ba su lalace ba, domin matasa su sami abin koyi.

Amma akwai sharaɗi a kan ɓangarori biyu. Mai raha ya nisanci ba'a ga addini ko ƙabila ko naƙasar mutum, ya tsaya a kan hali da aiki. Ma'aikacin hukuma kuwa ya koyi haƙuri. Idan an yi wasa da jami'in da ke zuwa ofis ƙarfe 11, ko rijiyar da aka yi bukin buɗewa babu ruwa, kada a nemi wanda ya faɗa, a nemi gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kuwa yabo kaɗai aka yarda mai raha ya yi, to, an mai da shi maroƙi, masu sauraro kuma za su murɗa akwatinsu zuwa wata tasha.

A Maraɗi da Tawa da Damagaram akwai samari da ƴan mata masu kaifin baki da basira, waɗanda ba su san hanyar Faransa ba. A buɗe masu ƙofa tun suna gida. Allah shi ba magabata ikon sauraro.