Kaza Mai Ƙwai: Kulawa Kafin Magani

Sanin kowa ne cewa kiwon kaji masu ƙwai ya zama babbar sana'a a kewayen birane irin su Kano da Zariya da Jos. Sai dai wata ɗabi'a ta kama masu kiwo da yawa: da zarar ƙwai ya ragu, sai a garzaya a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba wa kaji a ruwan sha. Wannan kuskure ne, domin sau da yawa dalilin raguwar yana ga abinci ko ruwa ko haske.

Kaza takan ɗauki kimanin awa 25 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Ɓawon nan yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kimanin giram 2. Saboda haka kaza tana bukatar abinci giram 110 zuwa 120 a kullum, wanda aka haɗa da garin ƙashi ko dutsen farar ƙasa. In aka cika shi da dusa don rage kashe kuɗi, sai ta riƙa zarar kalsiyam daga ƙasusuwanta, ɓawo ya yi laushi, daga bisani ƙwan ya tsaya.

Ruwa ma haka yake. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kuma kaza tana shan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. A zafin watan Afrilu bukatar takan ƙaru ƙwarai. Kaza ba ta yin gumi, haki take yi don ta huce, hakin kuwa yana fitar da iskar kabon da jikinta ke amfani da ita wajen gina ɓawo. Maganin wannan shi ne ruwa mai sanyi, da akurki mai shan iska, da ba da abinci da sassafe da kuma yamma.

Na uku shi ne haske. Kaza mai ƙwai tana bukatar haske na kimanin awa 16 a yini, alhali hasken rana a ƙasar Hausa bai cika wuce awa 12 zuwa 13 ba. Fitila ita ke cike giɓin, da sharaɗin a kunna ta a kashe ta a kan lokaci guda kullum.

Zuba magani barkatai yana da illa biyu. Saurarsa takan fito a cikin ƙwan da jama'a ke ci, sannan ƙwayoyin bakteriya su saba da shi, har ya kasa aiki ranar da mutum ya kwanta ciwo. Bugu da ƙari, irin wannan magani ba ya kashe bairos, wanda ke haddasa cutar Nukasil da murar tsuntsaye. Ita Nukasil rigakafi ake yi mata, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom tana sarrafa maganin rigakafin. Murar tsuntsaye kuwa, wadda ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ta koyar da cewa tsabta da hana baƙi shiga akurki su ne garkuwa. Kazar da ta kamu da ciwo, likitan dabbobi ne ya kamata ya duba ta.

Abin da ya fi dacewa da mai kiwo shi ne littafi da alƙalami: ya rubuta yawan ƙwai da abinci da ruwa da kajin da suka mutu a kowace rana, domin raguwar shan ruwa takan nuna matsala tun kafin ƙwai ya ragu. Ya kamata malaman aikin gona su koya wa ɗalibai wannan aiki a akurkin makaranta, ko da da kaji ashirin ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.