Jinjina ga Mamman Sani da Hama, amma da sauran aiki

Duk wanda ya tashi a Nijar da rediyon gwamnati a kunnensa ya san wani ɗan kiɗa mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, ko da bai san mai shi ba. Mai shi Mamman Sani ne, kuma shi nake ɗaga wa hannu yau.

A shekarun 1970 ya mallaki fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar Orla ta Italiya. Da ya ga dama, da ya zauna yana kwaikwayon waƙoƙin Turawa kamar yadda da yawa suka yi. Sai ya waiwayi gida, ya ɗauko karin waƙoƙin Bororo da na Buzaye ya koya wa na'urar, har ta riƙa yi da muryarta. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa na farko. Allah Ya saka masa, domin ya nuna cewa waƙar makiyayi ba ta lalacewa don ta bi ta waya. Bayansa ga Hama, direba a Yamai, wanda kiɗansa ya yi ta yawo daga wayar wannan zuwa ta wancan kafin fitowar faya-fayansa, Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Shi ma a gaishe shi.

To amma akwai abin da ke ci mini rai. Kaset ɗin Mamman Sani ya shafe fiye da shekara 30 kafin duniya ta ji shi, sai da Ba'amurke Christopher Kirkley ya yi kiciɓis da shi a gidan tarihi na Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Mun gode masa ƙwarai. Mu kuwa ina muke?

Sannan na'ura tana da iyakarta. Ka tsaya kusa da mai kalangu ka gani: ganga a hammata, yana matse igiyoyin yana saki, fatar tana ɗaga murya tana sauke ta har ka ji sunan mutum da kirarinsa. Mai goge kuma yana zame yatsa a kan gashin wutsiyar doki, ya fito da sautin da ke tsakanin maɓalli da maɓalli na fiyano. Matashin da ya danna kiɗan da aka sayo na'urar da shi, a Yamai yake ko a Kano, bai taɓa wannan wurin ba tukuna.

Don haka, masu sutudiyo, ku ɗauki makirufo ku je inda tsofaffin makaɗa suke. Ku naɗi gurmi da kukuma da algaita daga hannun masu su, ku biya su, ku rubuta sunansu a jikin waƙa, ku bar kwafi a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai. Bayan nan ku juya sautin yadda basira ta ba ku.

Kuma a hanzarta. Malam Mamman Barka ya je har bakin Tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a wurin tsoho Bukar Tar, don kada ya tafi da shi kabari. Barka da kansa ya rasu a 2018.