A Ƙyale Mutanen Ƙasar Naman Kaza Su Rayu

Akwai wata ɗabi'a da ta kama wasu manazartanmu, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a tanka mata. Da zarar ɗalibi ya ƙago labarin wata al'umma da ke zaune a ƙasar da babu gero babu dawa, sai naman kaza da funfuna, nan take za a yi masa caa: "Ina rayuwar Bahaushe a nan? Ina darasi?"

To, mu ma muna da tambaya. A wace unguwa Alhaji Imam ya ɗebo ruwan Bagaja? Littafin nan na Abubakar Imam daga gasar 1933 ya fito, kuma har yau ana karantar da shi. A 1969 Umaru Dembo ya ɗaga Kilba zuwa sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, ba wanda ya ce ya ɓata Hausa.

Hasali ma, irin wannan ƙasa ba shirme ba ce. Gara ta daɗe tana noman naman kaza a cikin suri. A jihar Oregon ta Amurka akwai wani guda ɗaya da ya bazu a ƙarƙashin daji fiye da murabba'in kilomita 9.

Mai karatu ya dubi aikin da ke gaban marubucin. Naman kaza ba ya rayuwa da hasken rana, abin da ya ruɓe yake ci. Ke nan a waccan ƙasa mai babban juji shi ne attajiri, kuma a kan juji magada za su yi shari'a. Rana abokiyar gaba ce, raɓa kuwa arziki. Tun da babu tsiro isasshe, tilas su sayo ƙaiƙayi da karmami daga maƙwabta, su biya da tsada abin da wasu ke zubarwa. Ranar da maƙwabtan suka rufe hanya, yunwa ta sauka. Wa zai ce wannan bai shafi ƙasar da ke jiran jirgin shinkafa ba?

Inda za mu yarda a tsananta wa ɗalibi shi ne in ya yi ragwanci: ya gina ƙasar funfuna, sa'an nan ya zaunar da mutanenta suna tuƙa tuwon dawa da kakar gyaɗa. A nan a sa jan biro, a tambaye shi da me suke hura wuta, kuma yaya suke da tari a cikin wannan danshi.