Koken Hausawan Hajj Yusuf Kan Cin Hanci a Harkar Jirgin Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Babban Mai Gabatar da Ƙara na Jamhuriyar Sudan.

Ranka ya daɗe, mu dattawa ne da 'yan kasuwa Hausawa mazauna Hajj Yusuf, akasarinmu masu neman abinci a Suƙ Sitta da kasuwar Omdurman. Kukanmu guda ne: duk ma'aikacin jirgin ƙasa da aka kama da hanci a hannu, a gurfanar da shi gaban alƙali, shari'ar ta kai ƙarshe, jama'a su ji hukuncin.

Jirgin nan ba baƙonmu ba ne. Tun da dogo ya iso Khartoum Bahri a 1899, har ya kai Nyala a 1959, shi ya riƙa ɗaukar kakanninmu alhazai da suka tako daga Kano da Sakkwato zuwa bakin Bahar Maliya, shi kuma ya kwashi audugar da suka tsinta a Gezira. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba mu da gidaje da jari. Yau da muke komowa, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, idonmu na kan jirgi. Gyaran dogo kuwa zai zo da kwangiloli da manyan kuɗi, shi ya sa muka ga gara mu yi magana tun yanzu.

Abin da fatakenmu suka daɗe suna kuka da shi ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya jibge buhunan riɗi ko zoɓorodo a bakin wata tasha, a ce masa babu tarago, rana na dukan kaya, kuɗin gadi na hawa, sai ya miƙa kuɗin shayi tarago ya fito nan take. Tikiti ya ƙare a taga, amma ga shi a hannun ɗan kamasho a bakin ƙofa, farashi ninki. Ba mu yi wa ma'aikata kuɗin goro ba. Mun san nauyin Atbara, garin ma'aikatan jirgi, a tarihin ƙasar nan, mun san albashi bai kai ko'ina ba, kuma da yawansu sun riƙe amana cikin yunwa. 'Yan tsirarun da ke cin hanci su ne ke ɓata musu suna.

Doka akwai ta. Sashe na 88 na Dokar Laifuka ta 1991 ya haramta rashawa, ga kuma dokar 1989 kan dukiyar haram da wadda ake shakka a kanta. Sai dai a nan gizo ke saƙar. Sashen ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa, don haka wanda aka matsa wa har ya bayar yana tsoron kai ƙara kada ya kwana a ɗaure. Mu kuma tsoronmu biyu ne. Bahaushen da aka haifi kakansa a Maiurno, nan cikin Sudan, da zarar ya ɗaga murya, sai a bar maganar hanci a koma tambayarsa takardar zama ɗan ƙasa. Wa zai tona asirin ɓarawo alhali ya san shi za a fara tuhuma? Muna roƙon ofishinka ya fito fili ya ba da tabbaci a rubuce cewa wanda ya kawo rahoto kafin ya biya, ya taimaka aka ɗana tarko, shaida ne, kuma ba za a yi tone-tonen asalinsa ba.

Ɗana tarkon ba sabon abu ba ne a duniya. A Indiya, hukumar bincike ta CBI na rubuta lambobin takardun kuɗin, ta barbaɗa musu wani gari, a miƙa a gaban shaidu. In aka wanke hannun wanda ya karɓa a ruwan gwaji, ruwan ya rine ya yi ja-ja. A 2013 hukumar ta kama wani ɗan'uwan ministan jiragen ƙasa kan cinikin muƙami, har ministan, Pawan Kumar Bansal, ya ajiye aiki. A nan aikin ya ma fi sauƙi, tunda yanzu biya da yawa ta manhajar Bankak ake turawa, kuma turawa tana barin sawu.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ƙofar nan ta tahallul, wato mutum ya mayar da abin da ya ci a rufe magana. Mutanen Khartoum ba su manta da 2014 ba, lokacin da aka sallami wasu ma'aikatan ofishin gwamna ta wannan hanya, gari ya ɗauka da surutu. Muna roƙo kada a buɗe wannan ƙofa ga wanda aka kama dumu-dumu, kada kuma a wadatu da sauya masa tasha. In an kama mai sayar da tikiti, a bi sawun kuɗin har zuwa teburin da ake kai wa kaso. A sa wa shari'ar wa'adi, a liƙa hukuncin a tashar da aka yi laifin, tare da farashin tikiti da na dakon kaya da lambar wayar kai ƙara, da Larabci da Hausa.

A shirye muke mu turo wakilai su ba da bayani a duk ranar da ka sa mana. Allah Ya taya ka riƙo.

Mu ne naka,
Dattawa da 'yan kasuwar Hausawa mazauna Hajj Yusuf, Sharƙun Nil.