Wanda ya ci kwangilar gwamnati ya buɗe littafinsa

Ranar 21 ga Janairun 2025, kwana ɗaya da komawarsa Fadar White House, Shugaba Donald Trump ya soke umarni mai lamba 11246 da Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Kusan shekara 60 umarnin ya yi yana ɗaure kamfanonin da ke aikin gwamnatin tarayyar Amurka da sharaɗi guda: tunda da kuɗin jama'a ake biyanku, ba ku da damar ware mutum wajen ɗaukar aiki saboda launin fatarsa, addininsa ko asalinsa. A 1967 aka shigar da mata. A ganinmu wannan sokewa kuskure ce, kuma duk wanda ya san yadda tsarin ya riƙa aiki zai gane dalili.

Kafin sokewar, kamfanin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama da kwangilar dala 50,000 sai ya rubuta tsarin daidaito duk shekara, kuma bisa ƙa'ida kowane reshe da nasa. A nan ƙarfin abin yake. Kamfani mai masana'anta a Alabama da babban ofishi a New York ba zai haɗa alƙaluma wuri guda ya ce komai lafiya ba, alhali baƙaƙen fata duk suna ɗakin injina, kujerun manajoji kuwa babu su ko ɗaya. A kowane reshe za a kasa ayyuka rukuni-rukuni, a ƙirga mata da tsiraru da ke kowane rukuni, a gwada da yawan ƙwararrun da ake iya samu a yankin da reshen ke ɗiban ma'aikata. In an ga giɓi, sai kamfanin ya sa wa kansa buri, ya faɗi inda zai nemo masu cancanta. Ƙa'idojin sun haramta mayar da burin kaso na dole.

Sai bincike. A lokacin, ofishin OFCCP da ke Ma'aikatar Ƙwadago kan aika wa reshe takarda, ya ba shi kwana 30 ya kawo bayanan waɗanda suka nemi aiki, da waɗanda aka ɗauka, da waɗanda aka yi wa ƙarin girma ko aka sallama, da albashin kowa. In lissafi bai tashi daidai ba, jami'ai su zo da kansu, su buɗe fayil-fayil, su zanta da ma'aikata. Ta haka ne a 2021 kamfanin Google ya amince da sasanci na dala miliyan 3.8 da ya shafi mutum fiye da 5,500, bayan ofishin ya ce an tauye albashin injiniyoyi mata, an kuma danne mata da 'yan asalin Asiya wajen ɗauka a rassansa na California da jihar Washington.

Masu sukar tsarin ba su rasa hujja ba. Takardun sun yi yawa, ƙananan kamfanoni na zuba kuɗi wajen hayar masana lissafi, wasu manajoji kuma don tsoron bincike sun riƙa ɗaukar buri tamkar farilla. Waɗannan duk abubuwan gyara ne. An ce dokar 'yancin jama'a ta 1964 tana nan, wanda aka zalunta ya kai ƙara. To, matar da aka biya ƙasa da abokin aikinta ina za ta ga takardar albashinsa? Wanda aka ƙi kira ganawa bai san wa aka kira ba. Mai binciken da ke riƙe da alƙaluman reshe gaba ɗaya shi kaɗai ke ganin abin da ke ɓoye.

Abin lura, tsare-tsaren masu buƙata ta musamman da na tsofaffin sojoji sun tsira daga alƙalamin Trump, domin dokokin majalisa ne na 1973 da 1974. Abin da shugaba ɗaya ya kafa da sa hannu, wani ya rushe shi da sa hannu.

Nan gida Najeriya, ɗan kwangila ba ya samun aikin tarayya sai ya nuna shaidar haraji, da ta hukumar fansho (PenCom), da ta asusun horas da ma'aikata (ITF), da ta asusun inshorar ma'aikata (NSITF). Hanyar tantancewa ke nan a shimfiɗe. Amma kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 ta tanada, hukumomin gwamnati ta ɗaura wa, ta bar kamfanonin da ke kwasar biliyoyin ayyukan hanyoyi da gadoji. Muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara dokar bayar da kwangila ta 2007, ta wajabta wa manyan 'yan kwangila bayyana waɗanda suka ɗauka a kowane wurin aiki, jiha-jiha, ta kuma ba jami'ai ikon zuwa su duba da idonsu kafin a sake ba kamfani wani aiki.