Wai "balans" ne zai gyara maka sauti? Zare 🧵

1/ Samarin Dambatta da Bichi, ku matso. Sabon yayi ya shigo, wai hedfon ɗin da ba "balans" ba ne shara ne. Kafin wani ya sayar da buhun gero ya nufi Farm Centre, ya karanta wannan.

2/ Kan hedfon na 3.5mm layi uku ne: hagu, dama, da na uku da kunnuwan biyu suke tarayya a kai. A na balans, 4.4mm ko 2.5mm, kowane kunne da layinsa biyu.

3/ Masu ƙirga zobe kuma, iyafis ɗin waya mai baƙin zobe uku ba balans ba ne fa. Layin na huɗu na makirfo ne 😂

4/ Amfaninsa na gaske, a na'urar da aka gina don shi, yana iya ninka wutar da ke zuwa kunne, ƙarin wajen 6dB ke nan. Kunnen ɗan Adam kuwa abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. Daidaita ƙarar biyun, ka rufe ido, abokinka ya riƙa canza maka kebul ɗin. In ka bambance su sau goma a jere, shayinka da indomi a kaina.

5/ Sannan me kake saurara? Waƙar da mai turi ya zuba maka a memori, ta bi ta Xender, an matse ta tun daga tushe. Haba malam. Kebul ba ya dawo da abin da aka yanke.

6/ Inda balans ke aiki wallahi ba wanda yake zancensa: masallatan Juma'a da wajen biki. Makirfo na gaban liman, amfilifaya na can baya, kebul mai tsawo ya bi gefen wayar janareta, lasifika sai "zuuuu" har huɗuba ba ta fita. Kebul mai kan XLR yana ɗaukar muryar a layi biyu, ɗaya a juye. Hayaniyar da ta shiga duka biyun sai ta soke kanta a ƙarshe, muddin makirfon da amfilifayar suna da wannan kafa. Kebul ɗin hedfon ɗinka da ƙyar ya wuce mita ɗaya, wace hayaniya zai kwasa?

7/ In kuma ka riga ka saya, kar ka sa adafta ka cusa hedfon mai layi uku a kafar 4.4mm. Haɗe layukan za ka yi, amfilifayar tana iya ƙonewa.